Satifiket ɗin Barau Ɗanjuma

Ana gobe sunan jaririn Anti Larai muka cika gidan Kaka. Ana idar da sallar isha'i aka ɗauke wuta. Manya suka shige ciki suna gyaran kayan miyar gobe, aka bar mu a rumfa da fitila ɗaya: ni Iklima, da Basira, da Mudan mai karatun kwamfuta. Can gefe kan benci Yaya ne, babban jikan gidan, ya jingina da bango ya yi shiru kamar kullum.

Mudan ne ya tono maganar. Yana ta cika mana baki, wai ya haɗa wata 'yar manhaja da ke aika fayil da kanta, ba sai mutum ya taɓa komai ba.

Yaya ya ɗago kai. "Da sunan wa take aikawa?"

Mudan ya ce, "Da satifiket ɗin malaminmu. Aro ya ba mu kafin a yi mana namu."

"Mayar masa gobe."

"Haba Yaya, fayil ne fa kawai."

Yaya ya kalle shi. Sannan ya sauko daga bencin ya zauna a tabarma tare da mu, abin da bai saba yi ba. Ya juya fuskar fitilar ta kalli bango.

"Ku matso. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada kowa ya ce mini ta zo mu ji ta. Kuma in na fara, ba mai tashi."

* * *

Kun san na yi aiki a dam ɗin Rafin Kurma. Abin da ba ku sani ba, ni kaɗai ne a can.

Tashar awo ake ce wa wurin. Ɗaki ɗaya ne na bulo a ƙarshen bangon dam, da sola a kan rufi, da kwamfuta, da gado. Ƙauye mafi kusa tafiyar awa biyu ce a ƙasa. Masu buɗe ƙofofin dam suna can ɗaya gaɓar, ko hayaƙin girkinsu ba na hangowa. Waya ba ta kamawa sai ka tsallake kwari ka hau wani dutse. Akwai wani farantin ƙarfe a kan rufin, shi ke haɗa kwamfutar da hedikwata. Shi ma hanya ɗaya ya sani, ba ya kai ka ko'ina sai can.

Aikin ba wuya. Sau uku a rana, safe da azahar da la'asar, in bi ta kan bangon dam in je wurin sandar awo. Doguwar sanda ce ta ƙarfe a tsaye cikin ruwa, an yi mata lambobi. Can sama akwai jan layi. In duba inda ruwa ya tsaya, in dawo in rubuta a fayil, in jefa shi a folda. Shi ke nan. In lokaci ya yi, manhaja ta ɗauka ta kai wa babbar kwamfutar hedikwata, wadda suke kira saba.

Basira, ke ce ba ki san wannan ba, daina wasa da gyalenki ki saurara. Sabar nan kamar maigadi take wanda ba ya kallon fuska. Ba ta tambayar kalmar sirri. Takarda take so. Kwamfutarka za ta miƙa satifiket, wato shaidar da hedikwata ta sa wa hannu, mai ɗauke da sunanka. Tare da shi akwai makullin sirri da ba ya barin kwamfutar, shi ke nuna takardar taka ce, ba tsintarta ka yi ba. Saba ta duba sa hannun. Ta duba ko kwanan watan bai wuce ba. Ta duba ko ba a soke sunan ba. In komai daidai ne, ta buɗe ƙofa. Duk wanda ke riƙe da takarda da makulli, a wurinta shi ne mai sunan, ko da mai sunan yana kabari.

Wanda na gada shi ne Malam Barau Ɗanjuma. Shekara goma sha ɗaya ya yi a ɗakin nan. Ciwo ya kama shi, ya ɗauki hutu ya tafi garinsu, can Allah ya yi masa rasuwa. Ban taɓa ganinsa ba. Butarsa na tarar, da tabarmarsa, da kofuna biyu a kan taga.

Ranar da shugabana, Injiniya Kallamu, ya kawo ni a mota, na tambaye shi ina nawa satifiket ɗin. Ya ce, "Ai na marigayi yana nan, saura shekara uku ya ƙare. Lallaɓa da shi. Wata mai zuwa mu soke shi mu yi maka naka."

Watan bai taɓa zuwa ba. Na tuna masa sau biyu daga kan dutse, ya ce yana taro.

To duk fayil ɗin da ya shiga, saba takan mayar da amsa, layi ɗaya a kan allo: "An karɓa. Barau Ɗanjuma, Rafin Kurma." Safe, azahar, la'asar.

Yanzu zan gaya muku abin da nake jin kunyarsa. Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, kun san alkunya. Baba ya rasu ina ƙarami. Ku kuma duk Yaya kuke ce mini. Injiniya "mutumin Rafin Kurma" yake cewa. A can kuwa sai in yi kwana ashirin ban ji muryar ɗan Adam ba. Kaɗaici ya ci ni, ba ƙarya. Har ƙadangaru na koma yi wa magana. Layin nan ɗaya shi ne kaɗai abin da ke kiran wani suna a ɗakin, kuma ni yake fuskanta.

Wata azahar, cikin shekara ta biyu, layin ya fito. Ban san lokacin da bakina ya ce "Na'am" ba.

Na yi wa kaina dariya. Da la'asar ma na ce. Washegari ma haka. Ya zame mini jiki.

Kun san abin da Kaka ke hana mu tun muna yara, amsa kiran da ba mu ga mai yinsa ba. Ni na amsa, sau uku kullum, kuma da sunan da ba nawa ba.

Kwana bakwai da farawa, na ga sawu a ƙofa.

Bazara ce. Ƙasa ta yi zafin da ba ka iya taka ta ba takalmi. Sawun kuwa jiƙe yake sharkaf. Ƙafa biyu a jere, suna fuskantar ƙofa. Babu sawun zuwa, babu na komawa. Har la'asar bai bushe ba.

Washegari kofi ɗaya ya bar taga. Na same shi a ƙasa, bakin ƙofa, a tsaye.

Na karanta abin da na iya. Na ce wa kaina masunta ne.

Rana ta uku, rana tsaka, ina kan bangon dam zan je awo. Hanya ce miƙaƙƙiya, ruwa a dama, kwari a hagu, babu ko bishiya. Kana hango mutum tun daga nesa. Na duba gaba, ba kowa. Na sunkuya na gyara takalmi. Na ɗago, ga tsoho a tsaye, taku biyar tsakaninmu.

Farar riga, ta sha jiki. Gemu kaɗan. Idonsa a buɗe, amma ba ni yake kallo ba, gefen kunnena yake kallo.

Leɓensa ya motsa. Ya gama motsi ya tsaya. Sai daga baya muryar ta iso.

"Barau. Ka daɗe."

Na kalli ƙasa. Ƙafafunsa ba takalmi. Yatsun a haɗe suke, ba tsaga tsakaninsu. Ruwa ke fita daga ƙarƙashinsu a hankali, yana bin tsagar siminti.

Basira, sake mini hannu. Ba a zo wurin tsoron ba tukuna.

Abin da ya kamata in faɗa a bayyane yake. In ce bawan Allah, ba ni ba ne. Amma ban san rabona da wanda zai ce mini na daɗe ba. Ba wanda ya lura ko ina nan ko ba na nan. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ina wuni, Baba."

"Muryarka ta sauya."

"Ciwo na yi."

"Ka faɗa. Ka ce za ka dawo." Ya gyaɗa kai. "Na yi ta jin sunanka yana wucewa ta kan ruwa, sau uku kullum. Na ce ƙarfenka ne kawai ke kira, tunda ba ka amsawa. Sai ran nan na ji ka amsa."

Daga ranar kullum sai ya zo. In na dawo daga awon azahar, zan same shi a inuwar ɗaki. Ba ya shiga. In dafa shayi in zuba a kofuna biyu. Ba ya sha, riƙewa yake har ya huce. Ba ya ganin fuska, shi ya gaya mini da bakinsa. Ya ce su a wurinsu fuska ba komai ba ce, yau wannan gobe waccan. Suna suke ji. Wanda aka kira ya amsa, shi ne.

Ban taɓa tambayarsa ko shi wane ne ba. Na sani, ku ma kun sani.

Ya ba ni labarin wurin kafin a yi dam. Inda kasuwa take, inda rijiya take, duk yanzu a ƙarƙashin ruwa. Ya ce danginsa sun tashi lokacin da motocin haƙa suka zo, shi ya ƙi. Shi kaɗai ya rage. Shekara talatin ba mai yi masa magana, sai da Barau ya zo, ya ga sawu a ƙofa, ya ajiye masa kofi.

Wallahi na ji daɗin zaman nan. Wata huɗu muka yi. Na daina hawa dutse neman waya, na daina tuna wa Injiniya.

Damina ta faɗi. Ruwa ya fara hawa sanda.

Wata rana tsohon yana riƙe da kofinsa, leɓensa ya motsa. Na jira muryar.

"Ya kusa jan layi?"

"Da saura, Baba. Me ya faru?"

"Ka manta alkawari?"

Na ajiye kofina a ƙasa.

"Na yi ta gayyatarka gidana, kana cewa aiki. Ka ce ranar da ruwa ya taɓa jan layi, ka aika lambar, aikinka ya ƙare, za ka bi ni." Ya nuna tsakiyar dam da haɓa. "Na share maka ɗaki."

Nan na gane abin da Barau ya yi. Kawar da maganar ya yi, don tun da aka gina dam ɗin ruwa bai taɓa kusantar layin nan ba. Ya faɗi abin da ya tabbata ba zai faru ba, ya mutu ya bar mini.

Na ce, "Baba, kai da ke ciki, ai za ka riga ni sani."

"Ba na ganin fentinku. Kai za ka faɗa. In lambar ta wuce ta kan ruwa da sunanka, zan ji."

A ranar na hau dutse na kira Injiniya. Na ce a soke satifiket ɗin marigayi yau yau, a yi mini nawa. Ya ce, "Tsakiyar damina? In muka soke kafin naka ya iso, kwana nawa tasharka za ta yi a mace? Bari ruwa ya ɗauke." Na ce to in an shiga haɗari, in bugo waya in faɗa masa lambar awon. Ya ce a'a. Wata shekara wani ya bugo ƙarya, aka tashi ƙauyuka a banza. Tun daga nan ba a buɗe ƙofar dam, ba a yin shela a rediyo, sai lamba ta shigo ta saba da satifiket.

Na yi tunanin gudu. Har na ɗaure kayana. Amma a kwarin da ke ƙasan dam akwai ƙauyuka uku. A can nake sayen gero. Akwai wata tsohuwa mai ƙosai da ke ƙara mini biyu duk ranar kasuwa. Ita ma ba ta san sunana ba, "ɗan dam" take cewa. Na kwance kayan.

Cikin watan Agusta aka yi ruwan kwana uku ba ƙaƙƙautawa. Kwari ya cika, hanyar dutse ta yanke. Rana ta uku da safe, saura taƙi ɗaya ruwa ya taɓa layi. Da azahar saura yatsa biyu. Tsohon bai zauna ba ranar. Ya tsaya a fili cikin ruwan sama, kuma ruwan ba ya sauka a kansa.

Da la'asar na tafi awo. Bangon dam yana rawa a ƙarƙashin ƙafata, ina ji. Na leƙa sanda. Babu jan layi. Ruwa ya shanye shi.

Na dawo na rufe ƙofa, na zauna gaban kwamfuta. Ƙarfe biyar daidai manhaja ke ɗaukar fayil. Saura minti goma sha biyu.

Wani siririn ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Ya miƙe har ƙafar kujerata, ya tsaya.

"Barau. Nawa?"

Na kalli allo.

Ku ji abin da Shaiɗan ya raya mini. In rage lambar. Taƙi biyu kawai. Tsohon ya ji, ya ce da saura, ya koma. Hedikwata ta ga lamba ƙasa da layi, ta bari sai gobe. Ba ma mai kama ni, don ba sunana ne a kai ba. In dam ya fashe a kan ƙauyukan nan, Barau ne ya yi ƙarya.

Na rubuta lambar ƙaryar. Wallahi na rubuta ta. Na jefa fayil ɗin a folda. Na zauna ina kallon agogo. Saura minti huɗu. Saura uku.

Ban san me ya kawo mini tsohuwar nan mai ƙosai ba. Ba ta iya sauri, ƙafa ɗaya take ja. Gidanta ne na farko a bakin rafi.

Na ciro fayil ɗin na goge, na sa gaskiya, na mayar. Ƙarfe biyar ta yi. Na ga manhaja ta tashi, ta miƙa takarda, saba ta duba ta buɗe. Layin ya fito.

"An karɓa. Barau Ɗanjuma, Rafin Kurma."

Na danne bakina da hannu.

Daga waje muryar ta iso. Akwai murna a cikinta, ita ta fi komai ba ni tsoro.

"Na ji. Taso."

Na yi bisimilla na buɗe ƙofa. Yana tsaye, ya miƙo hannu. A bayansa, daga bakin bango, ruwan dam ya dare biyu. Akwai matakala tana gangarawa, an share ta tas.

Ba ni da wata dabara. Na durƙusa yadda ake yi a gidan makoki.

"Baba, ya haƙuri?"

Hannun ya tsaya a iska.

"Malam Barau ya rasu. Shekara biyu ke nan. A garinsu, gaban 'ya'yansa. An yi masa sutura, an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Ba wanda ya san da kai, shi ya sa ba a aiko ba. Allah ya jiƙansa. Allah ya ba ka haƙuri."

Leɓensa bai motsa ba. Na jira. Ruwan da ke fita daga ƙafarsa ya ƙaru har ya rufe mini gwiwa, kuma da ɗumi yake.

"Sunansa yana wucewa."

"Takardarsa ce, Baba. Ba a soke ta ba. Ni ke aiki da ita."

"Wa ya amsa?"

"Ni ne."

"Wa ya zuba mini shayi?"

"Ni ne."

"Don me?"

Na ce, "Ba mai kirana."

Can nesa na ji jiniyar ƙofofin dam ta fara kuka, na san lamba ta kai inda za ta. Tsohon ya sauke hannunsa.

"Ya ce zai dawo." Ba da ni yake ba. Sannan ya juyo da kunnensa wajena. "Ba da kai aka yi alkawari ba. Jikinka ba zan taɓa ba. Amma wata huɗu kana cin gaisuwar mamaci. Kuma na share ɗaki. Ba zan koma hannu rabbana ba."

"Me kake so, Baba?"

"Wane ne kai?"

Na san bai kamata ba. Amma ku gane, shekara nawa ba wanda ya yi mini tambayar nan don yana son ya sani. Na faɗa masa. Sunan yanka, cikakke.

Ya maimaita. Wannan karon leɓe da murya tare suka zo. Ban taɓa jin an faɗi sunana da kyau haka ba.

"Na riƙe," in ji shi. Ya sunkuya ya ɗauki kofinsa daga bakin ƙofa, ya juya ya gangara matakalar. Ruwa ya rufe.

An buɗe ƙofofin dam kafin magariba. An yi shela a rediyo, mutanen ƙauyukan suka hau tudu. Gonaki sun tafi, awaki sun tafi, amma ba a rasa rai ba. Mai ƙosai a amalanke aka fitar da ita.

Bayan wata guda hedikwata ta aiko da takardar yabo. Sunan Barau Ɗanjuma ne a kai.

Sai a lokacin kunya ta kama Injiniya, ya zo da kansa. Ya soke na marigayi a gabana. Ya ja kujera zai haɗa mini nawa, ya ɗora yatsu a kan kwamfuta, ya ce, "Tuna mini sunan." Na faɗa. Ya ce to, ya kalli allo, ya sake ɗagowa. "Me ka ce?" Sau huɗu muka yi haka. Na rubuta masa a takarda. Ya karanta, ya ajiye, ya yi ta sosa ƙeya. Ƙarshe sunan tashar ya sa. Saba ta koma cewa, "An karɓa. Tashar Rafin Kurma." Ban ƙara wata biyu ba na ajiye aikin.

* * *

Nan Yaya ya ƙare labarin. Daga cikin gida ana jin ƙarar kwanuka da kukan jaririn.

Basira ce ta fara dariya, irin ta mai jin tsoro. "Kai Yaya! Har ka sa na gaskata. Sunanka ai..."

Ta tsaya, bakinta a buɗe.

Mudan ya ce, "Haba, ai yana cikin wayata." Ya zaro ta ya duba. "Yaya" kawai ya sa a gurbin sunan.

Ni ma na nema. Na tuna sunan babansa. Na tuna makarantar da ya yi. Na tuna ranar da ya goya ni zuwa asibiti ina 'yar shekara shida, kwalba ta yanke ni. Na zo wurin sunan, babu komai.

Na ce, "Faɗa mana."

Ya faɗa. Na ji shi sarai, har na ce a raina, ashe, ai shi ne. Na juya zan maimaita wa Basira, sunan ya tafi.

Hawaye suka zo mini. Ya ce, "Bar kuka, Iklima. Da ma ba kwa kiransa."

"Innarka fa? Ita ma?"

"Ban sani ba. Da can ba ta faɗa, yanzu ma ba ta faɗa. Ba na son in tambaya."

Ya juya ga Mudan. "Gobe ka mayar wa malaminku takardarsa. Ka jira taka, ko wata nawa za ta ɗauka. In wani ya mutu a wurin aikinku, ku soke tasa kafin a yi sadakar bakwai. In kuma Allah ya kai ɗayanku Rafin Kurma, kada ya bi ta kan bangon nan shi kaɗai da rana tsaka. Ko an gaishe ku, ku wuce."

Basira ta ce, "Tsohon fa? Yana nan?"

"Yana nan. Shi kaɗai ke kirana yanzu." Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Kullum, rana tsaka. Duk inda nake."

"Kana amsawa?"

"Ku tashi ku taya su aiki."

Washegari aka raɗa wa jariri suna. Maroƙi ya yi ta shelarsa a ƙofar gida, kowa na maimaitawa, ana ta Allah ya raya. Ana cikin rabon abinci, rana ta take tsaka, na zaga ta bayan kicin zan zubar da ruwan wanke-wanke. Na hango Yaya shi kaɗai a gindin katanga. Ya karkata kai gefe yana saurare, fuskarsa ta sake yadda ban taɓa ganinta ba. Ya sa hannu biyu ya danne bakinsa.

Na ajiye robar na kira shi da ƙarfi. "Yaya!"

Sai da na kira sau uku kafin ya juyo.